Moniepoint a kan teburin mai shago

Duk wanda ya zaga Kantin Kwari ko kasuwar Singa a Kano zai ga shuɗiyar na'urar POS ta Moniepoint a kan teburin masu shago, kusa da littafin bashi, kuma a ganina tunanin shugabannin kamfanin ne ya kai ta wurin fiye da kowace irin talla. Tosin Eniolorunda, wanda ya taɓa aiki a kamfanin biyan kuɗi ta na'ura na Interswitch, shi da Felix Ike ne suka kafa kamfanin a 2015 da sunan TeamApt, suna haɗa wa bankuna manhaja, kafin su karkata ga ƙananan 'yan kasuwar da bankuna ba su cika waiwayarsu ba.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne saurin shigar kuɗi. Mai saye zai tura, na'urar ta nuna kuɗin sun shigo, ta fitar da rasit, yaron shago ya ɗaure kaya ba tare da an tsaya jiran alat ana kallon juna ba. An ga amfanin wannan a farkon 2023, lokacin da sauya fasalin naira ya sa takardun kuɗi suka yi wuya, manhajojin bankuna da dama suka riƙa tsayawa saboda cunkoso, mutane kuma suka koma ga kamfanonin da na'urorinsu ke aiki. Irin wannan juriya ba ta samuwa sai shugaba ya shawo kan injiniyoyinsa cewa cinikin mai sayar da tumatir ya cancanci kulawar da ake ba babban kamfani, kuma wakilan da ke yawo cikin kasuwanni suna duba na'urori sun ɗauki aikin da muhimmanci. Masu zuba jari sun lura, domin a Oktoban 2024 kamfanin ya tara dala miliyan 110, darajarsa ta haura dala biliyan 1.

Sai dai saurin bunƙasa ya zo da nasa ƙalubalen. A Afrilun 2024 Babban Bankin Najeriya ya dakatar da Moniepoint da wasu takwarorinsa daga buɗe sababbin asusu saboda batun tantance abokan hulɗa, sai a Yuni aka ɗage takunkumin. Ina ba mai shago shawarar ya karɓi na'urar, amma ya cika bayanan BVN da NIN ɗinsa tun farko, ya kuma tambayi wakili nawa ake cira a kowane ciniki kafin ya sa hannu.