Siririyar mai Iris Xe ko mai RTX 4050: amsa ga mai SketchUp da ke yi masa baƙi

Wa alaikumussalam, Malam. Ka tambaya wace laftof za ka saya don aikin zanen gini da manhajojin SketchUp da AutoCAD, tunda tsohuwar taka na ba ka matsala: siririya mai girafik na Intel Iris Xe ko mai katin girafik na NVIDIA RTX 4050. Ɗauki mai RTX 4050 ɗin. Siririyar mai i7 da Intel Iris Xe bar ta a kanti, ko da ta fi kyan gani ta kuma fi sauƙin riyal. Amma kafin ka nufi shagunan kwamfuta na Ulayya a Riyad da kuɗinka, ba tsohuwar taka awa guda. Abin da ka faɗa, wato SketchUp ya yi baƙi ƙirin idan ka juya gini, layukan AutoCAD su riƙa ɓacewa suna dawowa, sau da yawa ba mutuwar na'ura ba ce, rikicin direban girafik ne, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto, kuma sabuwar ma za ta yi maka shi idan ba a saita ta ba.

Iris Xe ba kati ne mai zaman kansa ba. A cikin farosesa yake, ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM ɗinka yake ara. Idan ma RAM ɗin sanda ɗaya ce, ƙarfinsa raguwa yake, har ka ga Windows ta kira shi UHD, sunan ƙaramin girafik na Intel. Zai ja maka fulan na ƙasa a AutoCAD, batirinsa na daɗewa, iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Mai RTX kuwa tana da 6GB nata na kanta. Irinta ce a teburin zane na shagonmu, kuma ana buɗe mata zanen bila, wato babban gida, mai hawa biyu da majalisi (falon baƙi), silin jibis mai fitilu a ɓoye, marmara a ƙasa, labule da kujeru duk an saka, a kunna inuwa, a yi ta juya ginin a gaban mai gida yana cewa a matsar da wancan a ƙara wannan, ba ta ko tari. Nauyi gare ta, fankarta na da ƙara, cajarta kamar bulo. Amma ita ce za ta ɗauki Enscape, manhajar da ke fito da zane kamar hoton gaske, ranar da ka buƙace shi. Babban abin shi ne NVIDIA na fitar da direba iri biyu: Game Ready na 'yan wasa, mai fitowa duk sanda sabon wasa ya shigo, da Studio wanda ake daɗewa ana gwada shi da manhajojin zane kafin a sake shi. Studio za ka ɗora. A cikin NVIDIA App, ɓangaren Drivers, nan ake zaɓa.

To, koma kan tsohuwar. Fara raba laifin allo da na direba. Da ɓarnar ta bayyana, danna Print Screen ka tura hoton zuwa wayarka. Idan hoton ya fito tas, alhali idonka na ganin zane-zane a allo, matsalar allon ce ko kebul ɗinsa da ya ratsa ta mahaɗar murfi, musamman idan ɗaga murfin da sauke shi na canza ta. Idan ɓarnar ta fito a cikin hoton, direba ne ko katin. In kuwa tun daga tambarin farko, kafin Windows ta tashi, kana ganin ɗigo-ɗigo masu launi, kada ka wahalar da kanka da direba, matsalar a jikin na'urar take.

Sai ka duba wane kati manhajar ke hawa. Nan yawancin mutane ke faɗawa. Laftof mai NVIDIA kati biyu gare ta, kuma Windows kan tura SketchUp kan na Intel don tattalin batir, mutum ya biya kuɗin RTX yana aiki da UHD bai sani ba. Shiga Settings, System, Display, Graphics, ka nemo SketchUp.exe da acad.exe, kowanne ka sa shi a High performance. A Windows 11 da sababbin Windows 10, wannan saitin ne ke rinjayar na NVIDIA Control Panel, saboda haka gyara can kaɗai ba ya isa. Rufe manhajar ka sake buɗewa, ka duba Task Manager ka ga wane GPU, wato kati, ke motsi lokacin da kake juya gini.

Idan bai daina ba, manhajar kanta tana da maɓallin gwaji. Daga SketchUp 2024 aka kawo sabon injin girafik mai amfani da DirectX 12, tsofaffin katuna da yawa ba sa jituwa da shi. Window, Preferences, Graphics, ka koma classic graphics engine, wato tsohon injin, wanda ke kan OpenGL. A AutoCAD rubuta GRAPHICSCONFIG ka kashe Hardware Acceleration. Idan layukan suka dawo daidai, ka kama ɓarawon, direba ne. Amma kada ka bar shi a kashe ka ce an gama, domin duk aikin zai koma kan farosesa, zanen ya riƙa jan ƙafa.

Gyaran gaske shi ne wanke tsohon direba gaba ɗaya. Ɗora sabo a kan tsoho, ko barin Windows Update ta zaɓo maka, shi ke barin tarkacen da ke rikita OpenGL. Sauke direban Intel daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da lambar samfurinka daidai, ka sauke Studio daga shafin NVIDIA, ka sauke DDU, manhajar goge direban girafik. Sannan katse intanet, wannan kada ka tsallake shi, in ba haka ba kana sake kunnawa Windows za ta riga ka cusa nata. Shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da direbobi na dole kawai, ka goge na NVIDIA da DDU, ka goge na Intel, ka sake kunnawa. Ɗora na Intel tukuna, sannan NVIDIA. Dalili kuwa, a yawancin laftof hoton da NVIDIA ya zana ta hannun Intel yake bi kafin ya isa allo, don haka tsohon direban Intel shi kaɗai ya isa ya sa allo ƙyaftawa. Idan kuma matsalar ta faro ne bayan sabuntawa, Device Manager, Display adapters, Roll Back Driver ya fi sauri. A can ɗin dai, in ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, babu direba ma sam. In saƙon kuskure na Code 43 ne kuma ya ƙi tafiya bayan wankin DDU, je ka sayi sabuwar da zuciya ɗaya.

Allon da ke ɗaukewa daƙiƙa kaɗan ya dawo da saƙon cewa direba ya daina amsawa, Windows ce ke sake tayar da katin idan ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba. A nan Saudiyya, zafi da ƙura na da hannu sosai. Duba zafin katin da manhajar GPU-Z kana aiki. Idan yana taɓa digiri 87, a buɗe a hure fanka a canza man farosesa, kuma a daina ɗora ta a kan kafet ɗin majalisi.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da wasu masu sayarwa, musamman na hannu a shafukan saye da sayarwa. Za a buɗe maka Task Manager a nuna maka 8GB a ce girafik ne. Karanta da kyau: Shared GPU memory rabin RAM ne kawai, ko siririyar tana da shi. Dedicated GPU memory ne naka, a RTX 4050 kusan 6GB za ka gani. Wani kuma MX450 zai miƙo maka yana cewa ai NVIDIA ce, alhali 2GB ne a yawancinsu. Tambayi wat ɗin katin ma, domin RTX 4050 ɗaya ana sa shi daga wat 35 har 115, kuma tazarar aikinsu ba kaɗan ba ce. NVIDIA Control Panel, System Information, Maximum Graphics Power zai gaya maka gaskiya. Cajar kuma ta zama ta asali, wat ɗinta ya yi daidai da abin da aka rubuta a ƙasan laftof ɗin. Da ƙaramar caja katin rage gudu yake, ka zo kana zargin direba a banza.

Tafi da fayil ɗinka mafi nauyi a filasha, ka ce a bari ka gwada kafin ka biya. RAM kada ya gaza 16GB. Ka karɓi fatura, wato rasit, mai lambar na'urar a rubuce, domin da ita ake neman garanti, kuma ka tabbata kuɗin da aka faɗa maka har da harajin kashi 15 a ciki.