Na kira kamfanin masu daidaita fili sun gyara min harabar gida, ga yadda muka kwashe da su

Damina uku a jere ina fama da abu ɗaya, da zarar an yi ruwa mai ɗan ƙarfi sai bayan gidana ya koma kududdufi, ruwan ya kwanta a jikin bango kwana biyu kwana uku bai tafi ba, fenti ya fara kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, ɗakin yara kuma warin danshi kawai yake ko an buɗe taga. Abin da ya fi tada min hankali sauro ne, don ruwan da ya kwanta sati ɗaya zuwa kwana goma ya ishi sauro ya tashi daga ƙwai ya zama babba mai cizo, to ni kuma ga shi a ƙofar ɗakin da 'ya'yana ke kwana. Shi ya sa na ce bari in rubuto wannan dalla-dalla saboda na san ba ni kaɗai ba ne.

Da farko na yi abin da yawancin mutane ke yi, na sa aka kawo tifa biyu ta ƙasa, leburori suka baje ta da shebur da manjagara har fili ya yi sumul, ido ya gani ya ce an gama. Ruwan farko da aka yi bayan nan sai matsalar ta ƙaru, don ƙasar da aka zuba ta ɗaga tsakiyar filin ta bar gefen bango a kwari, duk ruwan ya dawo gindin gini. A nan na haƙura na nemi waɗanda aikinsu kenan, masu daidaita filaye na gidaje da na wuraren kasuwanci. Ba zan kama sunan kamfanin ba tunda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan yi ƙorafi.

Ranar da suka fara zuwa ba su zo da mota ko ɗaya ta aiki ba, mutum biyu ne kawai da na'urar awo mai ƙafa uku irin mai hasken leza ɗin nan da doguwar sanda mai lambobi da ɗaurin fegi da igiya. Gaskiya a raina na so in ga katafila a ranar, amma yanzu da na ga ƙarshen aikin na gane wannan yinin na awo shi ne asalin abin da na biya, sauran duk bin umarnin awon ne. Sun kafa fegi layi-layi a duk filin, kowane fegi aka rubuta masa ko a nan za a yanke ƙasa ko a nan za a yi ciko da santimita nawa. Babbansu, wani dattijo mai sanyin magana, ya kira ni ya ce "Maigida zo ka gani da idonka", ya nuna min cewa gindin bangon bayan gida ya fi tsakiyar filin ƙasa, wato filin nawa gangarensa gidan yake kallo maimakon ya ba shi baya.

Shi ne ya yi min bayanin da ban taɓa ji ba duk tsawon shekarun da na yi ina hulɗa da magina. Ya ce fili mai kyau ba wanda ya kwanta shamal ba ne, dole a ba shi gangare, ruwa ba ya tafiya sai an nuna masa hanya. Ƙa'idar da suke bi a kewayen gini ita ce ƙasa ta sauka kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga bango, wato kashi 5 cikin 100 kenan, daga nan sauran filin ciyawa ya ci gaba da sauka aƙalla santimita 2 a kowace mita. In ka tsaya a kai ba ma za ka ji kana kan gangare ba, kujera ba ta karkata, yara na buga ƙwallo lafiya lau, amma ruwa shi ya sani. Sannan ya ce kada gangaren ya yi tsanani kuma, in ya wuce saukar mita 1 a cikin mita 3 injin yankan ciyawa zai wahala kuma zaizaya za ta fara cin ƙasar. Wani abin da ya ja min kunne a kai shi ne kada a taɓa tara ƙasa ta hau jikin bango har ta rufe layin da ke hana danshi hawa gini, a bar tazarar kamar santimita 15 tsakaninsu, kuma wallahi ƙasar da na zuba da farko a wani gefen ta kusa cinye wannan tazarar.

Ya kuma yi min wani lissafi a tsaye wanda ya sa na daina ganin laifin ƙasa kaɗai. Ruwan sama milimita 1 in ya sauka a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne cif. Rufin gidana ya kai murabba'in mita 150, to ruwan milimita 20 kawai, wanda ba wani ruwan a zo a gani ba ne, lita 3,000 kenan ke gangarowa daga kwano, kuma rabinsa indararo biyu ne ke zubar da shi daidai gindin bangon da ke danshin. Ya ce ko an gyara gangare in ba a ɗauke ruwan rufi an kai shi nesa ba rabin aiki aka yi. Saboda haka suka haɗa indararon da bututu suka binne shi ya fita can nesa da gini.

Da aka zo aikin gadan-gadan, ƙaramar mota suka kawo mai cokali a gaba irin Bobcat, don gireda babba ba za ta iya juyawa a harabar gida ba. Abu na farko da suka yi ya burge ni, sun kankare ƙasar sama, baƙar nan mai taki, kamar santimita 10 zuwa 15, suka tara ta gefe guda tsibi, ba su bari ta cakuɗu da ta ƙasa ba. Dalili kuwa ita ce ciyawa ke rayuwa a cikinta, ta ƙasan tauri gare ta ba abinci. Mutane da yawa a nan ake cutarsu, a baje fili a binne ƙasa mai kyau a ƙasa a bar maka busasshiya a sama, ka yi ta shuka ciyawa kana ban ruwa tana mutuwa ba ka san dalili ba. Bayan nan suka fitar da siffar gangaren a kan ƙasar ƙasan, inda ya yi tudu a yanka a kai inda ya yi kwari, kuma cikon ba a zuba shi gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ne, su zuba kamar santimita 15 zuwa 20 su ɗan yayyafa ruwa su bi da injin daɓe mai jijjiga, sannan su ƙara wani. Na tambayi direban me ya sa ba za a zuba duka a danne sau ɗaya ba a huta, ya ce "Yallaɓai injin saman kawai yake dannewa, na ƙasan yana nan a sake, damina ɗaya zai zauna ya bar maka rami." Sai da aka gama wannan sannan aka dawo da baƙar ƙasar aka shimfiɗa, ita kuma ba su daɓe ta da ƙarfi ba, manjagara suka bi da ita suka tsince duwatsu, don in ta danne sosai saiwar ciyawa ba ta iya ratsawa.

Ta gefen katanga kuma suka yi wani ɗan kwari mai faɗi marar zurfi, kamar kwale-kwale a kwance, wanda ciyawa za ta rufe shi ruwa ya riƙa bi ta ciki a hankali ya fita zuwa magudanar ruwa ta waje. A wani lungu da ƙasar wurin laka ce zalla ba ta shan ruwa sai suka haƙa rami dogo suka shimfiɗa wani yadi mai tace ƙasa, suka sa bututu mai huji-huji suka cika da tsakuwa suka rufe. Kuma sun ƙi yarda sam a juya ruwan ya nufi gidan maƙwabcina duk da nan ne ya fi sauƙi, dattijon ya ce ba sa raba mutum da matsala su ɗora wa na kusa da shi, na ji daɗin wannan ƙwarai don ba na son abin da zai haɗa ni da maƙwabci.

Akwai bishiya babba a filin da nake ji da ita, ita ma sun kewaye ta da igiya suka hana mota zuwa kusa, wai yawancin saiwoyin da bishiya ke sha da su suna nan sama-sama ne, in aka tara musu ƙasa mai yawa ko mota mai nauyi ta yi ta bi ta kansu sai su shaƙe, kuma bishiyar ba a take za ta nuna ba sai bayan shekara ɗaya biyu ka ga tana bushewa daga sama.

To yanzu bari in zo inda raina ya ɓaci, don ba zan ɓoye ba. Na ɗaya, sun fasa min bututun ruwan da ke zuwa bayan gida. Na faɗa musu tun farko akwai bututu ta wajen amma ban san daidai inda ya bi ba, maimakon su sa a tona da hannu a gano shi kafin mota ta shiga sai direban ya ci gaba, cokali ɗaya ya tsinke shi, muka yini babu ruwa a gida kuma wurin ya jiƙe sharkaf aka rasa kwana guda ana jira ya sha iska. Sun gyara da kuɗinsu ba gardama, wannan na yaba, amma kamfanin da ya san aikinsa bai kamata ya sa ƙarfe a ƙasa ba sai ya san abin da ke binne, yau bututun ruwa ne, in da wayar wuta ce fa? Rai ake magana. Don Allah duk wanda zai ba da irin wannan aiki ya tsaya a kan wannan, a nemo bututu da waya da sokawe a sa musu alama tukunna.

Na biyu lokaci. Sun ce kwana huɗu, aikin ya ci kwana goma sha ɗaya. Wani ɓangaren ba laifinsu ba ne, an yi ruwa a tsakiya kuma sun ce ba sa taɓa laka tana jiƙe don mota na dagula ta ne ta dunƙule in ta bushe ta zama kamar dutse, wannan na fahimta. Amma akwai kwana biyu da rana ta fito tarwai babu wanda ya zo babu wanda ya kira, ni na yi ta bugawa ba a ɗauka, daga baya na ji motar an kai ta wani aikin ne. Kira ɗaya ya isa ya kwantar min da hankali, ba su yi ba.

Na uku, baƙar ƙasar da suka mayar ba ta isa ba a kusurwar gabas, ta yi siriri, ciyawar wurin har yau ba ta kai sauran kyau ba sai da na ƙaro ƙasa da taki da kaina. Sannan bayan ruwa uku wurin da aka binne bututun indararo ya ɗan zauna ya yi layi, alamar ba a daɓe ramin yadda aka daɓe sauran filin ba. Da na kira sun dawo cikin satin sun cike sun danne ba su nemi ƙari ba, saboda mun rubuta a takardar yarjejeniya cewa in wani wuri ya zauna a daminar farko gyaran nasu ne. Wannan layi ɗaya da na nace aka sa shi ya cece ni.

Duk da haka da yayana ya tashi gyara filin ajiye motoci na gaban sito ɗinsa su na haɗa shi da su, kuma a can na ga ashe aikin wurin kasuwanci daban yake da na gida. Can gireda ce da rola babba suka yi aikin, ba ruwansu da baƙar ƙasa, kwashe ta suka yi gaba ɗaya don ba a ɗora daɓen da manyan motoci za su taka a kan ƙasa mai taki, ruɓewa take ta zauna. Gangaren ma kaɗan suka ba shi, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, tunda siminti ko kwalta ba sa riƙe ruwa kamar ciyawa, kuma mai keken guragu ko mai tura kaya a baro ba zai wahala ba. Sun ma sa tifa cike da kaya ta bi ta kan filin a hankali suna kallon inda ƙasa za ta lotsa a ƙarƙashin taya, wuri biyu suka gano suka tone suka sake cikawa da tsakuwa. A can kam kafin su fara sai da suka tona suka gano duk bututun da ke wurin, ina ganin abin da ya faru a gidana ya zame musu darasi.

In za a tambaye ni maki zan ba su huɗu cikin biyar, ɗayan bututuna da rashin ɗaga waya suka cinye shi. Wanda zai kira irinsu ya lura da zuwan farko, in mutum ya zo ya kalli fili da ido kawai ya ce tifa kaza za ta isa bai ɗora na'ura ba bai tambayi inda ruwan zai fita ba, a sallame shi a nemi wani. A tambaye shi gangaren santimita nawa zai bayar a mita, ina zai ajiye ƙasar sama, da me zai daɓe cikon, kuma kafin a biya kuɗin ƙarshe a jona tiyo a saki ruwa a gindin bango na ɗan lokaci a tsaya a ga inda ya nufa, ni haka muka yi da dattijon muna tsaye ruwan ya bi ta ɗan kwarin nan ya fice.

Shekaranjiya da daddare an tafka ruwa kusan awa biyu, da asuba na ɗauki tocila na zagaya bayan gida, gindin bangon babu ruwa ko na cikin cokali, ciyawa ce kawai a jiƙe. Fentin da ya ɓare na bar shi sai bangon ya gama bushewa sosai tukunna, mai fenti ya ce in ba shi wata biyu.