Kamin ka ba da laftof a yi mata fomatin: a bar kullen BitLocker ko a kashe shi?

Duk mai shirin sayen laftof ta hannu, ko wanda tashi ta fara nauyi shina so ya kai a yi mata fomatin, ya ɗan tsaya kamin ya miƙa ta. Maganar RAM da janareshon da ƙarfin batir kowa ya iya tambaya, har ciniki ake a kansu, amma akwai abu guda da ba mai tambaya sai ranar da ta ɓaci, shi ne kullen da Windows ke yi ma had dis, wanda sunka sa ma suna BitLocker.

Bara cikin zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke wuce digiri 40 har kujerar mashin ba ta zaunuwa, ƙanwata da ke ajin ƙarshe a jami'a ta kawo min laftof ɗinta ta ƙi tashi. Tac ce "Yaya furojet ɗina duk yana ciki hwa, babi huɗu." Munka kai ma wani injiniya, ya buɗe ya duba yac ce bod, wato babban allon cikin injin, ya tafi amma kada ta damu, ya ciro SSD ɗin, dis ɗin da kayan ke ciki, ya sa cikin ɗan akwatin nan mai wayar USB ya jona ga tashi kwamfutar. Sai ga ɗan kwado ruwan ɗorawa a jikin dis ɗin, ana neman lambobi 48. Ya juyo yac ce "Malama ina makullinki?" Ita ko ba ta taɓa jin akwai wani makulli ba. Ashe yaron shagon da yay yi mata fomatin tun farko da imel ɗinshi ya shiga don ya gama da wuri, makullin can yat tafi cikin asusunshi, shi kuma ya bar gari, lambarshi ba ta shiga. Abin da ta tura ma malaminta ta WhatsApp ɗai munka tsira da shi, sauran sai da ta sake rubutawa.

BitLocker ba sabon abu ba ne, tun Windows Vista a 2007 yake, amma da galibi sai mai Windows Pro ko na kamfani, kuma galibi sai ka kunna da hannunka. Abin da ya canza shi ne Windows 11 fitowar 24H2, ta Oktoban 2024. Yanzu in anka zuba sabon Windows daga tushe kullen na iya kunna kanshi ko da Windows Home ce, ba tare da an tambaye ka ba, kuma da ka shiga da asusun Microsoft sai makullin ceton ya tafi can. Kullum kana kunna kwamfuta ba ka ganin komai saboda wani ɗan guntu a jikin bod mai suna TPM shi ke buɗewa a ɓoye. Ranar da guntun yag ga wani abu ya canza, an taɓa BIOS, wato setin bod da ke tashi kamin Windows, an kashe Secure Boot da ke cikinshi, an canza bod, ko ɗan batirin agogon nan mai kamar kwabo ya mutu setin ya koma na farko, sai shuɗin sikirin ya fito yana neman lambobin nan 48. Ba injiniyan da zai fasa shi, ko a Kano ko a Legas, kada wani ya ci kuɗinka. Tunda kuma tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, mutane na ta komawa 11, don haka abin zai ƙara yawa.

To mi za ka zaɓa? Hanya ta farko ka bar kullen yadda yake. In anka sace laftof ɗin, ko ka mance ta cikin Keke a Mabera, ɓarawo zai iya goge ta ya sayar amma ba zai ga hoto ko takarda ɗaya taka ba. Wanda ba a kulle ba kuwa kalmar sirrin shiga Windows ba ta hana komai, ciro dis ɗin ɗai za a yi a karanta kamar fulash. Don haka lauya, likita ko nas mai ajiye bayanan marasa lafiya, ma'aikacin ƙungiya, mai POS da ke da hotunan katin mutane da NIN ɗinsu, ku ban ga dalilin da zai sa ku kashe ba, amanar mutane ce a hannunku. Sharaɗin ɗai shi ne asusun ya zama naka, kai za ka zauna ka rubuta imel ɗinka da hannunka a shagon, in ka koma gida ka buɗe aka.ms/myrecoverykey ka kwafi lambobin da biro a takarda ka aje inda kake aje takardar fili. Wasu na cewa kullen na rage gudu, gaskiya ne yana ɗan ragewa, amma ga injin da ke Core i5 na janareshon 8 zuwa sama da SSD, mai Word da Chrome da kallon fim ba zai ji a jikinshi ba.

Hanya ta biyu a hana shi kunnuwa tun wurin zuba Windows, kuma ita nike ba ɗalibai shawara da masu shagon buga takardu da kwamfutar gida wadda ba ta fita ko ƙofa. Dalilina shi ne a nan garin abin da ya fi cin laftof zafi ne da ƙurar hunturu da wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, ba ɓarayi ba, kuma in bod ya mutu dis ɗin da ba kulle minti goma an kwashe maka kayanka. Mafi sauƙi ita ce Rufus, ƙaramar manhaja ta kyauta da ake haɗa fulash ɗin Windows da ita, fulash mai 8GB ya isa. In ka danna fara aiki zai fito da wasu akwatuna, ka sa alama a wanda ke cewa Disable BitLocker automatic device encryption, shi ke nan. Yawancin injiniyoyinmu da Rufus suke aiki dama, kawai ba su kula da akwatin ba ne, ka ce mishi ya sake haɗa fulash ɗin. In kuma fulash ɗin riga an haɗa shi, a sikirin ɗin farko da ake zaɓen ƙasa a danna Shift da F10, a rubuta regedit, a bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SYSTEM, CurrentControlSet, Control, BitLocker, a ƙirƙiri DWORD mai suna PreventDeviceEncryption a ba shi 1. Wagga ta masu hannu ce, in ba ka saba ba kada ka shiga rajistiri kana lalube.

Akwai kuma kashewa bayan an gama, ka shiga Settings, Privacy & security, Device encryption, ka kashe. Yana yi, sai dai warwarewar na ɗaukar lokaci, ka bar caja a jone. Aiki biyu ne dai, an ɗaure an kwance.

Ga tarkon da ya fi kama mutanenmu, kuma saboda shi ma na zauna rubutun ga. Mun saba raba dis biyu, C da D, in za a yi fomatin sai a tura komai D a goge C ɗai, haka munka taso muna gani. To in D ɗin a kulle yake, tsohon Windows ɗin shi ke riƙe da abin da ke buɗe shi kai tsaye, da an goge C sabon Windows zai ga D da kwado, kayanka na nan amma ba ka isa gare su ba sai da makulli. Kamin a taɓa komai a buɗe Command Prompt da ikon admin a rubuta manage-bde -status, zai nuna maka kowane dis ko a kulle yake da kashi nawa. In a kulle yake, ko dai ka samo makullin ka riƙe, ko a rubuta manage-bde -off D: a jira ya koma sifili, ko mafi kwanciyar rai ka kwashe kayan a wani dis na waje.

Wurin saye kuma, kada a ƙara maka kuɗi wai don Pro ce in ba aikin ofis za ka yi ba. Abin da Pro ta fi Home a wanga fanni shi ne tana bari ka zaɓi dis ɗin da za a kulle, ka aje makullin a fulash ko ka buga shi a takarda, har fulash ɗin kanshi ka kulle shi. Laftof ɗin da sunka fito daga kamfanonin Turai da Amurka kuwa ka sa a jona ta da intanet a gabanka bayan fomatin, in ta fito da sunan wani kamfani tana neman imel ɗin ma'aikaci, mayar musu da abinsu, haka in BIOS na da kalmar sirri. Mai sha'awar Ubuntu, wadda ake zubawa a madadin Windows, shi sai ya zaɓi kulle da kanshi wurin zubawa, in bai zaɓa ba babu, amma in ya zaɓa ya mance kalmar ba asusun da zai je ya duba. MacBook masu M1 na 2020 zuwa sama kuwa ma'ajiyar a manne take da bod kuma a kulle take tun daga masana'anta, maganar ciro dis ma ba ta taso ba.

Ni kullen tawa a kashe yake, ƴan takardun da nike jin kunyar a gani na sa su cikin VeraCrypt, wata manhajar kulle fayil, sauran kuma duk Juma'a bayan an sauko nike kwafe su a dis na waje. Ƙanwar tawa da munka sayo mata wata, ita tac ce a bar mata kullen, takardar lambobin na cikin akwatin Inna tare da takardun haihuwarmu.