Allurar goserelin a kan kansar furostet: abin da na gani a jikina

Lokacin da aka gano kansar furostet ɗina (furostet wata 'yar gaɓa ce ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara), ta riga ta kai ƙashin baya da ƙugu. Likita bai ɓoye min ba: tiyata ba za ta cire ta ba, sai dai a danne ta. Ya ce ciwon yana rayuwa ne da sinadarin maza, testosteron, kuma allurar goserelin tana hana jiki samar da shi.

Akwai ta wata-wata mai miligiram 3.6, akwai mai 10.8 ta kowane mako 12. Na zaɓi ta biyun don rage zirga-zirga. A ƙarƙashin fatar ciki ake sa ta, kuma bakin allurar yana da kauri, amma zafin ɗan lokaci ne. Kafin ta farko an fara ba ni ƙwayar bicalutamide, saboda a makonnin farko sinadarin yakan ƙaru kafin ya sauka, ciwon ya tsananta. Duk wanda za a yi wa, ya tambayi likitansa wannan.

Amfaninta kam, alhamdulillahi. Ciwon bayan da ya hana ni ruku'u ya lafa, fitsari ya saki, gwajin PSA, wato gwajin jinin da ake bibiyar kansar da shi, ya yi ƙasa sosai. Na koma sallah a tsaye.

Amma tana karɓar nata rabon. Zafi yakan taso min daga ƙirji zuwa fuska, gumi sharkaf ko a tsakiyar hunturu. Akwai kasala, ga teɓa. Sha'awa kuwa ta tafi gaba ɗaya, kuma wannan ne maza ba sa so su faɗa. Ni na zaunar da maiɗakina muka yi magana tun da wuri, hakan ya sauƙaƙa mana ƙwarai. Allurar tana kuma rage ƙarfin ƙashi, shi ya sa nake tattaki kullum da safe.

Kuɗinta yana da nauyi, 'ya'yana ke haɗawa. Wanda ba zai iya ɗorewa ba, tiyatar cire 'ya'yan maraina tana yin aiki iri ɗaya, sau ɗaya tak. A sayi allurar a kantin magani mai rajista, don ba a so ta zauna a zafin da ya wuce digiri 25.

Zan ci gaba da ita. Likita ya ce wata rana ciwon zai iya daina jin ta, a ƙara wani maganin kansa kamar abiraterone ko docetaxel, don haka ba na tsallake gwajin PSA.