Gargaɗi kan masu sayar da "ƙarin girafik" ga laftof

Akwai wata damfara da ake yi wa masu laftof waɗanda girafik ɗinsu, wato sashen da ke sarrafa hotuna a allo, haɗe yake da firosesa, irin su Intel UHD da Iris Xe da Radeon Vega na AMD, musamman matasa masu son wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo. Mai tallar yakan yi alƙawarin cewa idan an biya shi zai turo wata manhaja, ko ya shiga kwamfutar daga nesa, ya ƙara mata ƙarfin girafik har ta riƙa ɗaukar manyan wasanni ba tare da sarƙewa ba. Wannan alƙawari ba mai yiwuwa ba ne, domin irin wannan girafik wani sashe ne da aka ƙera a cikin firosesa kansa, ba shi da ma'adanar aiki tasa ta daban, daga RAM ɗin kwamfutar yake aro, kuma babu manhajar da za ta ƙara masa abin da masana'anta ba ta sa masa ba.

Abin da ya sa mutane suke yarda shi ne ana nuna musu shaida a kan allo. Kafin a taɓa komai, Windows takan nuna cewa ma'adanar girafik 128 MB ce, bayan mai damfarar ya gama sai ta nuna 512 MB. Abin da ya yi bai wuce rubuta wata ƙima mai suna DedicatedSegmentSize a cikin rajistar Windows ba, wato inda Windows take adana saitunanta, ƙimar kuwa tana canza lambar da ake nunawa ne kawai, alhali tun farko Windows tana iya ara wa girafik kusan rabin RAM idan buƙata ta taso. Wasan da a da yake ƙin buɗewa yana iya buɗewa yanzu saboda an ruɗe shi da lambar, amma zai ci gaba da tafiyar hawainiya kamar yadda injin ya saba.

Masu sayar da laftof na hannu suna da tasu dabarar, wadda a ganina ta fi muni, domin kuɗin da ake asara a cikinta sun fi yawa. Sukan canza sunan girafik a rajista ta yadda Device Manager, sashen Windows da ke jera kayan cikin kwamfuta, zai rubuta NVIDIA GeForce, wato girafik mai zaman kansa da ya fi ƙarfi, a inda ya kamata ya rubuta Intel, wani lokaci ma har da liƙa koriyar sitika kusa da madannai. Kafin ku biya, ku buɗe Device Manager, ku danna sunan girafik ɗin sau biyu, ku shiga Details, ku zaɓi Hardware Ids. Idan lambar ta ƙunshi VEN_8086, na Intel ne ko me aka rubuta a sama, VEN_10DE ita ce ta NVIDIA, VEN_1002 kuma ta AMD. Mai sayarwar da ya fara hanzarta ku a daidai wannan gaɓa ya riga ya ba ku amsa.

Haɗari mafi girma yana cikin manhajojin kansu. A shekarar 2022 masu binciken tsaron intanet sun gano shafukan bogi da dama da suka kwaikwayi shafin MSI Afterburner, wata manhajar saita katin girafik, suna raba manhajar da aka cusa wa ƙwayar satar kalmomin sirri da kuma mai haƙar kuɗin kirifto na Monero a ɓoye. Wanda ya je neman sauri sai ya dawo da kwamfutar da fankarta ba ta hutawa, tana zafi ko ba a aikin komai, domin wani ne can yake cin gajiyar firosesarsa.

Gyaran gaskiya kaɗan ne, kuma ba ya buƙatar ɗan tsakiya. Wanda ya fi tasiri shi ne sanya RAM guda biyu masu girma ɗaya idan laftof ɗin yana da gurbi biyu, saboda hakan yana ninka faɗin hanyar da girafik yake ɗibar bayanai. Sai sauke direba, wato manhajar da ke tafiyar da girafik, daga shafin Intel ko AMD ko kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, da jona caja lokacin aiki mai nauyi, da share ƙurar da ta toshe fanka, da rage girman hoto daga 1080 zuwa 720. Katin girafik na waje yana aiki, amma galibi sai laftof yana da ƙofar Thunderbolt ko USB4. Ƙaramar na'urar USB da ake tallatawa da sunan katin wasa aikinta haɗa allo na biyu ne kawai.

Wanda ya riga ya girka irin wannan manhaja, ko ya bar wani ya shiga kwamfutarsa daga nesa, ya cire ta daga intanet nan take, ya canza kalmomin sirrin imel da na banki ta wata na'ura daban, ya kwashe muhimman takardunsa, sannan ya sake girka Windows daga tushe.