Wace manhajar zumunta za ka zuba wa sabuwar waya a Sakkwato?

Duk wanda ya sayi waya mai shafawa, tasa ce ko ya saya wa mahaifinsa ko maiɗakinsa, kafin ya bar shago yaron da ke haɗa ta zai tambaye shi me da me za a zuba a ciki. In ka yi shiru, sai ya cika maka ita har ta fara nauyi tun ba a kai ta gida ba. Gara ka tafi da zaɓinka. Ni yawan mabiya bai dame ni ba. Abin da nake dubawa shi ne ko wanda bai yi boko ba zai iya sarrafa manhajar shi kaɗai, ko za ta yi aiki in an fita gari sabis ya yi rauni, da kuma irin cin datar da take yi, musamman tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025.

A wannan ma'auni babu wadda ta kama ƙafar WhatsApp. Ba ta neman adireshin imel, ba ta neman ka ƙirƙiri wani suna. Lambar wayarka ta isa, kuma duk wanda ke cikin jerin lambobinka, in yana amfani da ita, za ka gan shi. Amma abin da ya sa na fifita ta shi ne saƙon murya. Muna da dattawa da suka sauke Alƙur'ani, suna karanta ajami tsaf, amma rubutun boko a ƙaramin allon waya yana ba su wuya. Irin wannan dattijo ka nuna masa sau ɗaya: ya ɗora yatsa kan alamar makirfo, ya yi magana, ya saki. Shi ke nan ya ƙware. Na ga mai albasa daga wajen Goronyo yana tsaye gefen buhunansa, ya ɗauki hotonsu, ya zazzage ɗaya ya ɗauki girman 'ya'yan, ya tura wa mai saye a Legas, suka yi ciniki da murya har aka tsayar da farashi, bai rubuta harafi ko ɗaya ba.

Tana kuma da haƙuri da raunin sabis. Ka tura saƙo a ƙauye, sai ka ga 'yar alamar agogo, saƙon yana jira. Da sabis ya leƙo zai tafi da kansa, alama ɗaya ta fito, ta zama biyu in ya isa wayar mutumin. Wanda ke da dangi a Ƙonni, ƙetaren Illela, ko wanda tsohuwarsa ta tafi aikin Hajji, ya san bambancin kiran WhatsApp da kiran layi zuwa ƙasar waje. Tun 2009 aka ƙirƙiro ta, kamfanin Facebook ya saye ta a 2014 kan kusan dala biliyan 19, kuma daga 2016 saƙonninta a rufe suke tafiya, daga kai sai wanda ka aika wa.

Matan da ke sana'a a cikin gida su suka fi kowa cin moriyarta. Mai turaren wuta ko atamfa ko kilishi ta ɗora hoton kayanta a sitatus, ya yi awa 24 ya ɓace, waɗanda suka san ta suka gani suka yi oda, almajiri ko mai babur ya kai. In sana'ar ta ɗan yi ƙarfi, akwai WhatsApp Business da aka fito da ita a 2018, kyauta ce, ana jera kaya da farashinsu. Aibinta ɗaya da kowa ke kuka da shi shi ne guruf. Guruf guda yana ɗaukar mutum 1,024, kuma in an saka ka a na dangi da na unguwa da na tsofaffin ɗalibai, bidiyo zai cika maka waya cikin mako. Maganin shi ne ka kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye, sai wanda ka taɓa da hannunka.

Facebook ita ce ta biyu, kuma ga ƙaramar waya a zuba Facebook Lite, wadda aka yi a 2015 domin irin wurarenmu. Tun 2016 ana iya juya ta zuwa Hausa. Wajen labarai ta fi WhatsApp nesa ba kusa ba: shafukan BBC Hausa da DW da Aminiya suna nan, ga tafsiri kai tsaye da azumi. Inda take ba mutane wahala shi ne kalmar sirri. Yawanci wani ne ya buɗe wa mutum asusun, shi ya zaɓi kalmar, mai asusun bai ma san ta ba. Ranar da waya ta lalace, asusu ya tafi da hotunan shekaru. In za a buɗe maka, ka tsaya a kai, a sa lambarka, ka rubuta kalmar a takarda ka ajiye a gida.

TikTok tana da sauƙin shiga, amma data take sha ba ƙaƙƙautawa, kuma a zafin Afrilu na garin nan za ka ji waya ta ɗau zafi a hannu, caji ya zube. Instagram sai mai neman kwastomomin Abuja. X, wadda a da ake kira Twitter, filin gardamar siyasa ce da Turanci; gwamnati ta rufe ta daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ban ga wanda cinikinsa ya tsaya a Tsohuwar Kasuwa ba. Telegram ta ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo ce da ke musayar littattafai da manyan fayiloli, Baba ba ya buƙatarta.

To amma sauƙin nan na WhatsApp shi ne ƙofar ɓarawo, kuma a nan nake roƙon a saurare ni da kyau. Tunda lambar waya ce kaɗai makullin, duk wanda ya samu lambobi shida da ake turo wa layinka ya mallaki asusunka. Haka aka yi wa matar yayana. Wani ya kira ta da ladabi, ya gaishe ta da sunanta, ya ce daga guruf ɗin Islamiyyarsu yake, za a yi taro ta waya, an turo mata lambar shiga, ta karanto masa. Kafin la'asar asusunta ya koma hannunsa, da hotonta da sunanta. Ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya yana cewa yaro ba lafiya, a taimaka da rance zuwa gobe. Gwaggonmu ta aiki jikanta wurin mai POS da kuɗin adashinta. Da na je gaishe ta, abin da ta iya ce mini shi ne, "Ɗana, ai hotonta na gani, mi zan ce?" Har yau in na tuna fuskarta raina yana ɓaci.

Don haka kafin a tura saƙon farko, a shiga saitin manhajar, a nemi Account, a kunna Two-step verification, a sa wasu lambobi shida na kai. Asusun da ba a yi wa haka ba rumfa ce a kasuwa da aka tafi aka bari ba kwaɗo. Kuma lambar da ta shigo ta saƙon tes ba a karanta wa kowa, ko ya ce daga banki yake, ko daga masu raba tallafi, ko da muryar malaminka ya zo. Wanda ya nemi kuɗi a rubuce, kira layinsa ka ji muryarsa tukuna. In ya ce ba zai iya ɗauka ba yana asibiti, ka ƙara yin hattara.

A guji jabun manhaja irin GB WhatsApp da yara ke zuba wa mutane suna cewa ta fi ta asali. Ba kamfanin ne ya yi ta ba, kuma ana rufe asusun masu amfani da ita. In ka bar wayarka wurin masu caji ko gyara, da ka karɓo ka duba Linked devices, domin cikin minti guda ana iya haɗa asusunka da wata na'ura ana karanta hirarka. Kada ka yar da layin da ka yi rajista da shi, saboda layin da ya daɗe ba a amfani da shi ana sake sayar wa wani. Saƙonnin "danna nan ka samu data kyauta" ko "cike fom ɗin tallafin gwamnati" masu neman BVN da NIN, goge su, kada ka tura wa guruf da niyyar alheri. 'Yan kasuwa kuma, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Kada kaya su fita sai ka buɗe asusun bankinka ka ga sun shiga, domin alat na bogi ya ci mutane da yawa. Masu cewa zuba kaza ka kwashi ninki biyu ba su gaji ba: MMM ta cinye kuɗin jama'a a 2016, CBEX ta sake yi a 2025, kuma ta irin waɗannan guruf-guruf ake farautar mutane.

In kuwa an riga an ƙwace asusun, muddin layin yana hannunka, sake shigar da lambarka a manhajar, za a turo sabbin lambobi shida, da ka sa su za a fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya kunna Two-step verification da nasa lambobin, sai an jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da shi ba. Tun a ranar farko a bi 'yan uwa da kiran waya, a fara da tsofaffi da masu saurin tausayi, a gaya musu kada su tura ko sisi.