Rezar Olfa mai taya: ta cancanci kuɗinta ga ƙungiyar masu ɗinkin ƙyallaye?

Duk ƙungiyar matan da ta taɓa haɗuwa don ɗinka bargon ƙyallayen atamfa ta san inda rigima take tasowa: ranar haɗa gidaje, wato murabba'an ƙyallayen da ake jerawa su zama bargo. Kowace ta kawo nata, an shimfiɗa a ƙasa, sai a ga na wannan ya ɗara na waccan, kusurwoyi sun ƙi haɗuwa. Yawanci keke ake ɗora wa laifi, alhali ɓarnar tun daga yanka ta faro, wurin alli da kwali da almakashi.

Wannan matsalar ce rezar Olfa mai taya take magancewa. Kamfanin na Japan ne, shi ya fara fito da irinta a 1979. Reza ce zagayayya a kan mariƙi, ana gangara ta a jikin rula kamar taya. Mai faɗin milimita 45 ita ce ta aikin yau da kullum. Mai 28 ta yankan lanƙwasa ce, mai 60 kuma ta kaya masu kauri. Ba ta aiki ita kaɗai. Sai da shimfiɗar roba ta yanka, mai inci 18 da 24 ta wadatar, da rula mai kauri wadda ake ganin yadi ta cikinta, inci 6 da 24. Rular makaranta ba ta yi, rezar hawa kanta take yi ta nufi yatsa.

Ga lissafin da zai nuna amfaninta. Bargo mai inci 60 da 84 yana cin gida 35, kowane gida da ƙyalle tara, jimla 315. Kowane ƙyalle ana yanka shi inci 4 da rabi, domin ɗinki zai cinye kwatan inci ta kowane gefe. Idan almakashi ya zaftare kashi ɗaya cikin takwas na inci a kowane ƙyalle, abin da ido ba ya kamawa, jere ɗaya mai ƙyalle 15 zai gaza da kusan inci biyu. Da rezar kuwa, a ninka atamfa huɗu, a daidaita gefe, a fitar da dogon tsiri mai inci 4 da rabi, sannan a juya shi a daddatsa. Tsiri ɗaya daga faɗin atamfa yana ba da ƙyalle tara ko goma, duk girmansu ɗaya. Shawarar da ta fi ita ce ƙungiya ta sayi saiti guda, mutum ɗaya ko biyu su riƙe yanka, sauran su karɓi nasu a ƙirge. Kuma a auna da rula ɗaya tak, kada a dogara da layukan jikin shimfiɗa.

Kafin yanka a wanke atamfar, ta saki sitaci, wadda za ta zuba ta zuba, wadda za ta tsuke ta tsuke, sannan a goge ta lafiyayye. Yadin da ya yamutse ƙarya yake yi wa rula.

Raunin rezar biyu ne. Na farko kaifi. Da zarar ta bi ta kan fil ko dutsen leshi, bakinta ya tsage, kuma alamar a bayyane take: za ta riƙa tsallake zare ɗaya duk bayan kusan santimita 14, wato duk zagaye guda. Ba gyara, sai canji, kuma ba kowane shagon kayan tela ke da bakin canji ba, don haka a saye shi tare da ita. Sababbin bakuna sukan manne da juna saboda man da ke jikinsu. Wadda ta ɗaura biyu a rashin sani za ta ga gefen yadi yana tsefewa. Idan taya ta yi nauyi, burbushin zare ne ya taru, a kwance noti a share, a ɗiga man keke, a mayar da komai yadda aka same shi.

Na biyu, kuma shi ya fi ciwo a ƙasar zafi, shimfiɗar. Rana ko dutsen guga suna kumbura ta, in ta kumbura kuma da wuya ta koma daidai. A ajiye ta a kwance, a inuwa, ƙarƙashin katifa ma ya yi. Kada a naɗe ta, kada a jingina ta da bango.

Batun yara ba na wasa ba ne, rezar nan tana yanka nama kafin a ji zafi. A tsaye ake yanka, kan tebur mai ƙarfi, ana turawa gaba ba a jawowa jiki. Gidan da ke da ƙananan yara gara samfurin RTY-2/DX, wanda bakinsa ke komawa ciki da an saki mariƙi, kuma yana da makulli. Bahaguwa tana iya mayar da bakin ɗaya gefen.

Mai ɗinka bargo ɗaya a shekara ta zauna da almakashinta. Ƙungiyar da ke ɗinki don sayarwa kuwa ta saya, amma ta sani rezar ba ta gyara ɗinki: a manna tef a kan kowane keke daidai kwatan inci daga allura, kowace ta ɗinka gida ɗaya na gwaji, a auna a ga ya ba da inci 12 da rabi kafin a raba sauran ƙyallayen.